Hoton da Barira ta Ɗauka

Na sa rigar Sallah, na karya hula,
na goge takalmi har ina hango haƙorana a kai.
Na ce wa yaron shago ya kwashe tarkace,
matattun rediyo, wayoyi, gwangwanin dalma,
don an ce yau mai hoto za ta zo Ƙofar Marusa.

Ni fa na san hoto,
tun zamanin Sanda Mai Labule
da ya zana jirgin sama a bangon shagonsa,
ka tsaya gabansa kamar yanzu ka sauka daga Makka.
Ya ce ɗaga haɓa, ka ɗaga.
Ya ce kar ka numfasa, ka haɗiye rai.
Bayan mako ka dawo ka karɓi wani mutum
mai kama da kai, sai dai ya fi ka kuɗi.

Barira ta iso da hantsi,
ba labule, ba fitila,
kyamara ɗaya tana lilo bisa hijabi ruwan ƙasa.
Ta durƙusa ta gaishe ni, ta dubi rigar,
ta ce, "Baba, unguwa za ka? Sai in jira ka dawo."

Ta zauna kan benci. Ta sha shayina.
Ta sa yaro ya maido da tarkacen nan kaf.
Ta tambayi sunan kowane ƙarfe,
ta tambayi wanda ya koya mini,
ni kuwa wuya ya ƙage, haɓa na sama,
ina jiran ƙyas ɗin da ya ƙi zuwa.
Aka kira azahar. Sitacin riga ya saki.
Na ce a raina, yarinyar nan ba ta iya ba.

Can ga Ilu mahauci da rediyonsa mai tari.
Na naɗe hannun riga, na kwance bayanta,
na murɗa, na kara kunne,
ina bin wata siririyar murya cikin shuuu
kamar mai neman akuya a gonar dawa.
Ban ji ƙyas ba.
Na ɗago dai na ga tana rufe jaka.

Mako biyu ta dawo da takarda, baƙi da fari.
Na duba ban ga rigar ba, duhu ya cinye ta.
Hasken ƙofa ya faɗi a kunci ɗaya,
kai ya karkata hagu, ido a lumshe,
leɓen ƙasa a cije.

Wannan ai Ɗangoje ne.
Ɗangoje magini, ubana,
yadda yakan ƙwanƙwasa katanga ya kara kunne
ya ji ko tubali ya yi ƙarya.
Ya rasu shekarar da aka canja kuɗi,
bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba,
yakan ce inuwa ba ta zaman takarda.
Shekara hamsin ina laluben fuskarsa cikin barci,
ashe ni ke ɗauke da ita zuwa kasuwa kullum.

Na aika Batagarawa aka zo da Tsahare, ƙanwata.
Ban ce mata komai ba, na miƙa.
Ta kama baki da gefen mayafi,
ta zauna a ƙasa, ita da ke ciwon gwiwa.

Jikana ya ce in kawo ya sa a waya,
akwai abin da ke goge tamoji, fuska ta yi sumul.
Na ce taɓa layi ɗaya
ka ga yadda ake gyaran yaro.

Barira ta ce za a rataye shi a wani zaure
inda baƙi ke zagayawa da hannu a baya.
Ta ciro biro: "Wane suna zan sa a ƙasa?"
Na daɗe ina duban mutumin.
Na ce, "Rubuta mai gyaran rediyo.
Ɗayan ba ya son hoto."